Siririyar Wayar da Ta Kusa Cin Aikin Yohanna

Duk shekarun da na yi ina gyaran wutar manyan injuna, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Alhamis da na yi sammako zuwa Samaru. Lokacin ni ne babban mai gyaran wuta a garejin wani kamfanin gine-gine da ke Chikaji, cikin Sabon Gari. Kamfanin ya samu aikin haƙa magudanar ruwa a Samaru, ana rige-rige da damina, kuma katafila mai haƙa ƙwaya ɗaya ce a wurin, irin wadda muke kira eskabeta. Mai tuƙa ta Yohanna ne, mutumin kudancin Kaduna, shekararsa tara a kamfanin, ga mata da 'ya'ya huɗu.

Bari in yi wa wanda ba ɗan hannu ba bayani. Katafilar zamani tana da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwati ne a bayan kujerar direba. Ita ke karɓar saƙo daga injin da famfon man da ke motsa hannun haƙa, ta ba kowanne umarni. In ta ga abin da bai yi mata ba, sai ta nuna lamba a allon gaban direba, ta rage wa injin ƙarfi don kada ya yi ɓarna. Batir biyu ne ke ba ta wuta.

To, wannan katafila ta tsiri wata ɗabi'a. Ana cikin haƙa sai allo ya ɗauke, injin ya koma silo, wato ƙarfinsa ya ragu, hannun ya tsaya cak da bokiti cike da ƙasa. Jim kaɗan ta farfaɗo kamar ba ita ba. Sau uku ana kirana, kullum da rana tsaka. Na bi ƙa'ida: na duba fis, na auna batir da mita, na auna wayoyi, na jona kwamfuta na karanta lambobi. Lambobin kuwa ba kai ba gindi, yau mai, gobe zafi, jibi famfo. In na hau na juya ta a hankali, lafiya lau. Har ƙwaƙwalwar wata katafila da ke ajiye a gareji na ciro na gwada, abin bai daina ba.

Injiniyan da ke kula da aikin ya matsa mini in ba shi rahoto a rubuce. Ni kuma a lokacin ina ji da kaina, ban iya buɗe baki in ce ban gano ba. Sai na rubuta cewa wuta ƙalau take, matsalar daga hannun direba ce, yana tuƙin ganganci. Ranar Litinin aka dakatar da Yohanna, aka ce ya zo Juma'a ya karɓi takardar sallama.

Laraba aka kawo wani direban, kafin azahar katafila ta sake tsayawa. Injiniya ya ce, “Ai Yohanna ya riga ya lalata ta.” Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Na ƙudurta in je in ga yadda take tashi da sanyin safiya, abin da ban taɓa yi ba.

Ina isa na hango maigadin wurin, Malam Tanko, yana turo baro da batir biyu a ciki. Muka gaisa, na ce, “Baba, waɗannan fa daga ina?”

Ya ce, “Daga sito. Ai tun da aka sace batir a wancan aikin na Basawa, Injiniya ya ce kullum aka tashi a cire su a kulle.”

“Da me kake kwancewa?”

Ya nuna mini. Ba shi da sifanar da ta dace, sai ya damƙi wayoyin ya riƙa murɗawa har kansu ya saki daga batir, da safe kuma ya mayar ya buga da dutse. A cikin abin da yake damƙa, ban da babbar wayar da ke tayar da injin, akwai wata siririya da ke kai wuta kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa.

Da ya mayar da batir, na tayar da injin, na ɗora mita a inda siririyar ta shiga akwatin, na ce masa ya girgiza ta daga can. Yana taɓawa wuta ta faɗi, allo ya ɗauke. Na tsaga robar da reza: zaren jan ƙarfen duk sun tsinke ta ciki, saura biyu ko uku. Ku masu tasowa ku riƙe wannan. In injin na tsaye, ko zare ɗaya ya rage mita za ta ce maka waya lafiya take. Sai bokiti ya daki ƙasa mai tauri, jiki ya girgiza, wuta ta yi ta tsinkewa, ƙwaƙwalwa ta yi ta sambatun lambobi. Gyaran bai ci rabin awa ba, katafila ta wuni tana haƙa.

Abin da ya fi gyaran wuya shi ne shiga ofishin Injiniya. Na ajiye masa guntun wayar a tebur, na yi bayani. Ya daɗe yana juya ta, sannan ya ce, “Wato ni ne ke nan?”

Na ce, “Ni da kai ne, yallaɓai. Kai don tsare kaya ka ba da umarni, Malam Tanko abin da aka sa shi ya yi. Ni ne na sa hannu a kan abin da ban tabbatar ba.”

Ya jawo aljihun tebur ya yaga takardar sallamar, ya ce a ƙera wa batir keji mai kwaɗo a jikin katafila. Ya ƙara da cewa, “Tun da kai ka rubuta, kai za ka je ka kira shi.”

Da la'asar na sami Yohanna a gidan da yake haya a Sabon Gari, yana goge rigar da zai sa washegari. Matarsa ta kawo mini ruwa. Na faɗa masa komai, ban ɓoye nawa laifin ba, kuma wallahi na ji kunya. Bai yi faɗa ba, ya dai jingine dutsen guga ya ce, “Malam Sule, satin da aka fara cire batir ta fara wannan abin. Na lura. Sau uku ka zo, kullum sai ka ce in sauko in ba ka wuri, ka tambayi kwamfuta. Ni da nake wuni a cikinta ba ka tambaye ni ba.”

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, ni kuma na tura mai ɗakin waje ina lalube. Yohanna ya koma bakin aikinsa ranar Juma'ar. Tun daga nan, duk injin da aka kira ni a kansa, jakar kayan aikina a rufe take sai na zauna da direba da maigadi na ji yaushe abin ya fara, kuma me ya canja a satin. Sunan mutum kuwa bai sake shiga rahotona ba sai na ga laifinsa da idona.