Takardar Auren da Na Kusa Miƙawa

Wasu shekaru can baya ina aiki a wani kamfanin gine-gine a unguwar Bagdadiyya a Jidda, ni ne mai zirga-zirgar takardu: iƙama, wato takardar zama, biza, sabunta wannan, buga hatimin wancan. Kuma ni Allah ya yi ni da shisshigin alheri. Ko ba ka nemi taimako ba sai na taimake ka, in ka ƙi ma mu ɓata.

Akwai wani injiniya Bature da muke shiri sosai, mutum mai kunya kamar Bafulatani. Ya je hutu ƙasarsu ya dawo da zobe a yatsa. Na ce, "Kai abokina, aure ka yi ba ko gayyata?" Ya yi murmushi ya ce e. Shi ke nan na ɗora wa kaina. Na ce ya kawo takardar aure, sati biyu amarya tana Jidda. Ya ce ba sauri. Bayan kwana uku na sake tuntuɓarsa, ya ce a bari tukuna. Ni kuwa a kaina ango ya zauna yana cin burodi da cuku shi kaɗai abin kunya ne gare mu duka. Har matata na ba labari a gidanmu na unguwar Madain Fahd, ta ce, "Wannan kunya ce kawai, ka yi masa ba-zata."

Ai kuwa na aika wa babban ofishinmu na ƙasarsu cewa ina buƙatar kwafin takardar aurensa. Wata baiwar Allah ta turo ba tare da tambaya ba. Na buga, na cusa a fayil ko kallo ban yi ba, na nufi ofishin masu fassara, don sai an mayar da ita Larabci hukuma ke karɓa.

Ina kan layi, saura mutum ɗaya, na ce bari in duba hatimi. Sunan abokina a sama. A ƙasa kuma sunan namiji, sak irin na direbanmu na da. Na goge tabarau na sake dubawa. Innalillahi! Ashe a ƙasarsu doka ta amince namiji ya auri namiji, ga hatimin gwamnati raɗau. A nan kuwa in takardar nan ta shiga hannun hukuma, aikinsa ya tafi, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi. Kuma ni na ɗauko ta da hannuna.

Mai fassara ya miƙo hannu, "Yalla ya hajji, kawo." Gumi ya karyo min. Na laluba fayil na miƙa masa takardar gwajin idona ta asibiti. Ya juya ta ya ce wannan ai da Larabci take. Na ce to alhamdulillahi, halas, magana ta ƙare, na fice har ina tuntuɓe da kujera.

Na samu abokina a ofis, na rufe ƙofa, na ajiye masa takardar. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce, "Wa ya gani?" Na ce ni kaɗai. Ya ce, "Yanzu me za ka yi?" Na ce, "Addinina bai yarda da wannan ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na yarda ba. Amma ba ka ba ni sirrinka ba, ni na je na tono. Ba za a cuce ka ta hannuna ba." Sai ya ce don Allah in daina yi masa alheri. Muka fashe da dariya, shi har da hawaye.

Ya ƙarasa kwantiraginsa lafiya ya koma gida. Matata ta yi ta tambayar amarya, na ce ba ta son zafin Jidda.

Har yau in na tuna saura mutum ɗaya a layin nan, sai in gode wa Allah. Shisshigin bai bar ni duka ba, amma yanzu in mutum ya ce min "a bari tukuna" sau biyu, wallahi bari nake yi.