Motar da Na Sayar Ta Ɗauko Ni

Jama'a, yau na shiga motar da na yi shekara uku ina gudun sake ganinta.

Daga asibiti na fito a unguwar Shumaisi, nan ƙasa mai tsarki, bayan la'asar, na tare wani Bahaushe mai kabu-kabu zuwa unguwar Naseem. Ina zama na ga ƙunar turare a jikin kujera. Ni na ƙona wurin. Tsohuwar motata ce. Giyarta na zamewa tun tana hannuna, na sa bakanike ya zuba mai mai kauri ta yi shiru, na sayar ta hannun dillali. Allah Ya yafe mini.

Muna tsakiyar babban titi inji ya ɗau ƙara, mota ta ƙi ja. Ga tirela a bayanmu tana danna hon! Da ƙyar giya ta kama, ta fizge mu gaba.

Na ce, "Ɗana, motar nan ba lafiya."

Ya yi dariya. "Haba Baba, 'yar Japan ce, ba ta mutuwa. Dillali ya ce wani dattijo mai tsoron Allah ne ya riƙe ta."

Ya ce gobe da asuba zai kwashi matarsa da yara huɗu zuwa Umra a cikinta.

Kunya ta hana ni magana har na sauka, ko lambarsa ban karɓa ba. Sunansa Sabi'u, ɗan Gusau, farar mota. Don Allah wanda ya san shi ya haɗa mu kafin asuba. Da bakina zan faɗa masa.