Ranar da na kai Baba duba daji

Daga Zongo zuwa Harobanda

A bazarar shekarar da fari ya watsa ƙauyenmu, Baba ya baro gonarsa a ƙasar Tawa ya zo wurina a Yamai, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Idonsa ya fara hazo, kuma tun zuwansa bai cika magana ba. Ina son ya zauna da mu gaba ɗaya. Shi kuwa ya ce sai na kai shi daji tukuna, ya ga ko ƙasa na da sauran rai.

Muka fita daga gidana a unguwar Zongo bayan sallar asuba, muka tari taksi. A bakin gadar da ake tsallake kogi zuwa unguwar Harobanda sojoji suka duba takardunmu, ɗayansu ya tambayi inda za mu. Da na ce kallon itatuwa, ya daɗe yana dubanmu kafin ya ɗaga hannu mu wuce.

Bayan gari

Direba ya sauke mu inda gidajen Harobanda suka ƙare, muka taka zuwa gindin tudu. Ni ke faɗin launi, Baba na shafa ganye yana shinshinawa. Muka fara tarar da wani fure fari mai bakin shuni. Baba ya karya ganyen, farin ruwa ya ɗiga. Ya ce tumfafiya ce, kada in yi murna, ko a kufai tana fure. Sabara duk an sare ta, geza ta bushe ƙayau. Ni kuwa a raina har na fara jin daɗi, ina ganin zai haƙura ya zauna da mu.

Wata tsohuwa Bazabarmiya mai ɗibar itace ta ba mu ruwa, ta nuna mana wani kwari. A can muka sami anza kore shar da ƙananan ƴaƴa, kusa da ita jiga da furenta fari siri-siri, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Baba ya tsuguna, ya daɗe yana sauraro.

"Idi, zuma bai gudu ba," in ji shi. "Zan koma in yi sharar gona."

Na kawo masa zancen ido da na rumbun da ba kome. Ya ce duk ya sani.

Komawa

Wata motar itace ta dawo da mu, muka iso gida kafin azahar. Ranar Baba ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari, yana ba matata labarin jiga. Da daddare ban sake buɗe zancen zama ba. Jumma'a na raka shi tasha da ɗan irin gero a ƙulle cikin zane. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ina kuma roƙon ya saka wa tsohuwar nan da alheri.