Ruwa Zai Kawo Mu

Mahaifina mutumin Yawuri ne. Aikin hajji ya kawo shi, Jidda ta riƙe shi, ya zama mai sayar da yadi a Bab Makka. Ni a unguwar Nuzla aka haife ni, ban taɓa ganin kogi ba sai a bakin Baba. A faɗarsa, duk gaɓar kogin Kwara babu wanda ya kai shi ratsa mahaukacin ruwa tsakanin duwatsu da kwalekwale. Abokan hirarsa na gahawa, wato shagon shan shayi, sun daɗe da yanke masa hukunci: mutumin kirki ne, amma akwai shara ta. Ni ma ra'ayina bai yi nisa da nasu ba, kuma ya sani.

Talbijin ne ya ja mana. Shekarar da mai gahawa ya sayo nasa, aka nuno Turawan ƙasashe daban-daban suna tseren ƙananan kwalekwale a wani kogi mai kumfa, kowa da hular kwano. Baba ya miƙe tsaye, ya ɓarar da shayin wani Bayamane, ya shiga yi musu gyara. Wannan ya makara, wancan zai daki dutse. Ya kuwa daka. Da Baba ya tsaya nan da mun tashi lafiya, amma sai ya ƙara da cewa su da ɗan kamfai suke shiga, kuma babu Baturen da zai ga ƙeyarsa. Wani masunci ya ce ai magana ta ƙare, ga teku, ga huri, wato kwalekwalen masuntan Jidda. Juma'a bayan la'asar.

Mu ma muka samu namu tseren na ƙasa da ƙasa: Bayamane, ɗan Sudan, wani mutumin Jawa mai sayar da turare, sai Baba, ni kuma a gabansa da filafili, gemuna bai gama fitowa ba. Sharaɗin shi ne a kewayo wata ganga da ke yawo a kan ruwa, a dawo.

Abin da ban sani ba, mutumin kogi ba ya nufar inda za shi. Sama da wurin yake sa hancin jirgi, ƙarfin ruwa ya gangaro da shi daidai. Ana cewa yalla, wato a tafi, kowa ya nufi ganga, Baba ya nufi wani gefe can da babu kowa.

"Baba, ganga tana can fa."

"Yi shiru, ya walad. Ruwa zai kawo mu."

Ruwa bai kawo mu ba. Teku tana kwance kamar ruwan randa. Tuƙin Baba kuwa babu ƙarya, gudu muke sosai, sai dai ba mu san inda za mu ba. Kafin ya yarda ya juya, har mai turare ya kewayo ganga, ya fito, ya shanya zanensa.

Daga ranar, da zarar ya leƙa gahawa sai wani ya tambaye shi ko ruwa ne ya kawo shi. Masuncin nan har ya ba shi kyautar wani fasasshen huri, wai ya riƙa koyo a gida. Baba ya karɓa, ya like shi da kwalta, kajin Inna suka mayar da shi wurin ƙwai. Ya daina zuwa gahawa, ya daina zancen Kwara. Wannan shirun ya dame ni ƙwarai, na gwammace cika bakin.

Sai wata safiya cikin sanyi aka tafka ruwan sama, ambaliya ta gangaro daga duwatsu ta cika lungunan Nuzla, tana tafe da kwanon rufi da gwangwanaye da katako. Wata tsohuwa, maƙwabciyarmu ta tsallaken lungu, ta maƙale a kan katangarta tana salati. Maza suka tsaya cirko-cirko. Baba ya tuɓe riga, ya watsar da kajin Inna, ban da guda da ta ƙi fita. Ya tura huri, ya sa hancinsa sama da gidan tsohuwar, can nesa. Ya kauce wa wata ƙofa da ruwa ya kwaso, ya karkata, ya danna filafili, ruwan ya gangaro da shi ya ajiye shi daidai ƙarƙashin ƙafafunta. Ya sauko da ita cikin huri, haka ya sake yi a dawowa.

Ko mutum ɗaya daga 'yan gahawa babu a wurin. Tsohuwar ma idonta a rufe yake tun daga can har nan, kaza kuwa ba ta ba da shaida. Baba ya fito yana haki, laka har ƙirji, ya dube ni.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Halas, shi ke nan."

Da ƙasa ta bushe ya sa farar rigarsa, ya ce in raka shi gahawa. Tun daga ƙofa masuncin ya ɗaga murya, ko ruwa ne ya kawo shi. Na buɗe baki zan zazzage musu labari, Baba ya dafa kafaɗata.

"Shi ya kawo ni," ya ce, ya ja mini kujera kusa da tasa.