Gaɓa Huɗun da Prokop Ya Cike

Prokop Hruby bai taɓa yi wa kowa kiɗa ba, amma shekara talatin da bakwai babu sautin da ya tashi a gidan Graf, basaraken garinsu da ke tsaunukan Moraviya, wanda bai fara bi ta hannunsa ba. Ubansa maƙerin gangunan giya ne. Malamin makarantar coci ya ga yaron yana da tsabtar rubutu, ya koya masa zana ɗige-ɗigen kiɗa a kan layuka biyar, shi ke nan ya sami abin yi har tsufa. Shugaban makaɗa zai rubuta kiɗa duka a babbar takarda ɗaya, Prokop ya kwafe wa kowa rabonsa: masu goge daban, masu ƙaho daban, mai algaita daban.

Shugaban makaɗan, Kajetan Mraz, kiɗansa ba shi da hayaniya. Yakan fara da gajeren amo kamar tambaya, ya ba shi amsa, ya yi yawo da su nesa, sannan ya dawo da su gida yadda suka fita. Rubutunsa kuwa kamar kaza ta taka tawada. Ga gaggawa. In wani yanki zai maimaitu, ba ya sake rubutawa, sai ya bar wurin fari, Prokop ya koma baya ya kwaso. Wata rana ya sa alama, wata rana ya manta.

"Ni ke haihuwa, kai ke wankan jego," Kajetan yakan ce.

"Maigida, ai wankan ya fi wuya," in ji Prokop.

A bazarar 1787 aka shirya bikin ranar waliyyiyar da matar Graf ta ci sunanta. Kajetan ya rubuta sabon kiɗa, a tsakiyarsa akwai yanki mai sanyi na mai algaita, tsoho Florian, wanda ya ba shekara sittin baya. Takardar ba ta iso hannun Prokop ba sai da safiyar bikin, gwaji ma ba a samu an yi ba. Yana cikin kwafa ya iso inda amon farko yake dawowa, ya ga gaɓa huɗu na kiɗan an bar su fari fat a layin algaita. Ya ɗaga alƙalami. Ɗakin Kajetan yana saman bene, hawa biyu kawai. Amma ya ce a ransa, bayan shekara ashirin da shida har sai na tambaya? Ya koma baya ya kwaso, ya cike su tsaf.

Da aka gama cin abincin rana, makaɗa suka jeru a lambu. Prokop yana tsaye bayan shinge yana jira ya tattara takardu. Florian ya busa amonsa mai tsawo, ya iso gaɓa huɗun nan, ya ci gaba da bin abin da ke gabansa. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Da ya zo hawa sautin ƙarshe, numfashi ya ƙare, algaita ta yi wani kuka kamar an taka agwagwa. Wata baƙuwa ta rufe baki da mafici. Graf ya ce da wakilinsa, a hankali amma kowa ya ji, "Tsohon nan ya gaji. A nemo wani daga birnin Brno."

Bayan an watse, Kajetan ya nufo Florian, ransa a ɓace.

"Haba Baba! Gaɓa huɗu na bar maka don ka sha iska. Na san ƙirjinka, don kai na yi. Me ya kai ka busawa?"

Prokop yana nan taku uku, takardar algaita tana hannunsa. Florian ya dube shi sau ɗaya, ya mai da ido kan algaitarsa yana gogewa.

"Girman kai ne, Maigida," ya ce. "Na ɗauka har yanzu ina nan."

 Prokop ya cusa takardar cikin sauran.

Kwana uku yana zama gaban akushi ba ya ci. Matarsa Rozina ta gaji, ta tsare shi har ya faɗa mata.

"To, uban masu tsabtar hannu," ta ce, "ka cike inda ba a sa ka ba, ka bar inda ya kamata ka yi magana fari. Tashi ka hau benen nan, ko ni in hau."

Ya hau. Kajetan ya karanta takardar, ya ɗauki hularsa ya tafi wurin Graf. Ya dawo da wuri. Wasiƙar Brno ta tafi tun shekaranjiya, kuma Graf ba ya janye maganar da ya yi gaban baƙi.

Ranar da Florian zai koma ƙauye wurin 'yarsa, Prokop ya same shi yana ɗora akwati a keken doki.

"Baba, don me ba ka faɗa ba?"

"Kai kana da bakuna biyar a gida, ni ina da ɗaya, shi ma ba haƙori." Ya yi dariya har ta zama tari. "Ko ba kai ba, baɗi da an ji numfashina ya gaza. Kuma laifinka ne da ka iya rubutu. Da irin na Maigida ne, ai da ban gani ba, da na huta."

Prokop ya kasa dariya. Ya kama ɗaya gefen akwatin suka ɗora.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a aikin. Duk inda ya ga fari a takarda, ko gaɓa ɗaya ce, sai ya ajiye alƙalami ya hau bene. Kajetan yakan ji takunsa ya yi tsaki ya ce, "Hutu ne, Prokop, hutu!" tun bai ƙwanƙwasa ba. Duk da haka sai ya shiga ya nuna wurin da yatsa.