Tatsuniyar da Kaka Ta Ƙi Rufewa

A gidanmu na Zangon Kumasi, da an idar da sallar isha'i, Kaka Asabe takan jawo murhun gawayi bakin ɗakinta ta hau suyar gyaɗar da za ta sayar gobe. Mu jikoki mu zagaye ta, rabi don tatsuniya, rabi don wadda ta faɗo daga kasko. A wancan lokacin autanta, Kawu Sule, yana Masar. Soja ne, cikin masu shuɗiyar hula da aka tura su tsaya tsakanin Masar da Isra'ila a kusa da mashigin Suwez.

Tun tafiyarsa ta ajiye Gizo da Ƙoƙi, ta kama tatsuniya ɗaya tak. Wai tururuwa ne suka haƙa hanyar ruwa tsakanin tafkuna biyu, da yawansu ƙasa ta rufta da su, ba wanda ya tambayi sunansu. Da ruwa ya gudu, Zaki da Damisa suka zo daga nesa suka ce nasu ne, tunda kayansu ke wucewa. Jikokin tururuwa suka ce ba su san zancen ba, kakanninsu ne a ƙarƙashin ruwan. Aka gwabza, har masu gari suka nutsar da kwale-kwale a mashigin don kowa ya rasa. Bayan shekaru faɗa ya sake tashi da maƙwabci, kowa ya kafa sansani a gaɓa ɗaya. Sai aka aiko ƙaramin tsuntsu mai shuɗiyar hula ya tsaya a tsakiya.

A nan take tsayawa kullum. Ba ta cewa ƙurunƙus, kamar yadda ake rufe kowace tatsuniya. Sai dai ta juya gyaɗarta ta ce mu tashi.

Wata rana na gaji, na buɗe baki zan faɗa mata ƙurunƙus ɗin. Kafin kalmar ta gama fita ta toshe mini baki da tafinta mai ɗumi da ƙanshin gyaɗa.

"Mai gidana, kada ka rufe mini ƙofa," ta ce a hankali. "Tsuntsun bai dawo ba tukuna."

Na yi dariya, na bi unguwa ina ba abokaina labarin camfin tsohuwa. Ta ji, ta ci gaba da suyarta.

An buɗe mashigin Suwez, jiragen ruwa suka ci gaba da wucewa. Kawu Sule ya dawo da ƙafafunsa, amma ya tarar an riga an kai Kaka makwanci. Ya zauna a bakin ɗakin ya tambaye mu ko ta bar masa saƙo. Na faɗa masa tatsuniyar har inda ta tsaya. Ya daɗe yana kallon murhun da ba wuta.

Karatuna bai yi nisa ba. Sai da na girma, ina jan tasi a New York da rediyo a kunne, na gane su waye Zaki da Damisa, wato Turawan mulkin mallaka, na kuma san cewa talakawan Masar ne suka haƙa ruwan da hannunsu. Ashe tsohuwar da na yi wa dariya tana bin labarun duniya daga akwatin rediyon maƙwabci, ta dafa mana su daidai bakinmu.

Yanzu 'yata Rakiya tana cikin sojan ruwan Amurka. Jirginsu na can wajen mashigin Hormuz, 'ya'yanta biyu suna hannunmu a nan New York, bayan titin Fordham Road. Ba murhu a nan, sai ƙarfen ɗumama ɗaki da ke ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ina ba su tatsuniyar da Hausa, suna tambaya da Turanci. Jiya babbar, wadda ta ci sunan Kaka, ta ce ai kowane labari yana da ƙarshe, mene ne ƙarshen wannan.

"Kakata," na ce mata, "je ki kwanta. Tsuntsun yana kan ruwa."

Na kashe fitila, na bar ƙofar ɗakin a buɗe.