Yakuwar Goggo a Fasasshen Bokiti

Ana sanar da jama'ar Garoua da kewaye cewa yau ni da kaina, da digirina da furfurata, na ba yakuwa ruwa, wadda a nan muke ce wa folere.

Tun da kamfaninmu ya sallame mu na kwanta a ɗaki, ko waya ba na ɗagawa. Ga yara, ga maigidan haya, ga hawan jini.

Da safe Goggo Dije, ƙanwar mahaifina da ta gudo daga Mora bayan an ƙone unguwarsu, ta leƙo.

"Kai, tashi ka ba shukata ruwa, gwiwata ta ƙi."

"Haba Goggo, duniya ta yi min yawa, ke kina zancen folere a fasasshen bokiti?"

"Ni ma ta yi min yawa, ɗan nan. Gida da gona na baro, irin nan kaɗai na ƙullo a bakin zani. Duniya ban iya mata ba. Bokiti kuwa na iya."

Na zuba ruwan. Tunda na riga na miƙe, na yi wanka, na fita neman aiki.

Ku me ke tayar da ku in abin ya yi nauyi?

Ni dai dā cewa nake ɓarnar ruwa take yi. Ashe ban fahimta ba.